Baƙon da Ya Sauka a Wuyan Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, bai sake kirana da sunana ba tun ranar da na fara koyarwa. Mushe yake ce mini. Haka yaran lakwal, wato makarantar boko, suke kiran malaminsu a nan Maraɗi, amma shi in zai faɗa sai ya ja kalmar, ya leƙa fuskata, don in tabbata ɗaya mushen yake nufi, wanda ake ja a yar a bayan gari. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Sabon Gari, shi kuma manomin rani ne a Jiratawa, mai albasa da tattasai da zogale. A ganinsa duk abin da na sani game da rai a jikin allo na gan shi, shi kuwa da hannu ya taɓa. Ban cika yi masa musu ba, don musu da Kawu sai wanda ya ci ya ƙoshi kuma ba shi da aiki a gabansa.

Wata shekara, bayan an cire albasa, na je gaishe shi na tarar ya naɗe wuya da rawani cikin zafin bazara. Kawu ba mutumin rawani ba ne, hula ma sai Juma'a take ganin kansa. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta ajiye mini fura, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Ce mishi shi warware ka gani." Ya yi ta gunaguni, amma ya warware. Ƙarƙashin muƙamuƙinsa na dama akwai kumburi kamar ƙwan zabuwa, mai tauri, ba ya ciwo. Inna ta ce ya rame, kuma gumi yake yi har shimfiɗa ta jiƙe.

"Baƙo ne ya sauka," in ji Kawu. "In ya huta shi tahi."

Baƙon bai tafi ba. Na sha fama kafin Kawu ya yarda ya hau bayan babur ɗina zuwa babban asibiti. Likitar da ta duba shi mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, kuma tun daga gaisuwa ya ɗauke ta 'yarsa, yana ce mata yarinya tana amsawa da Baba. Aka yanki ɗan nama daga kumburin aka aika Yamai. Bai yi gardama ba, saboda a lokacin babu wanda ya kira ciwon da suna. Har ya yaba wa hannun mai yankan, ya ce ya fi wanzamin garinsu laushi.

Da sakamako ya dawo, likita ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali. Ciwon daji ne na kaluluwa, kuma irin wanda yake jin magani, in an fara da wuri. Maganin a cikin ruwan serom, na ƙarin ruwa, ake sa shi, ya bi jijiya, a yi a huta, a sake yi, har tsawon watanni. Ni na ji "yana jin magani" hankalina ya ɗan kwanta. Kawu kuwa kalma biyu kaɗai ya tsinta, daji da allura. Ya jawo takalmansa da ƙafa, ya yi mata godiya mai kyau, ya miƙe.

A bakin ƙofa ya ce mini, "Mushe, daji ba shi son ƙarhe. Ko wannan ba ya cikin littahin naku?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan magana. Cewa ake yi in allura ko wuƙa ta taɓa ciwon daji sai ya fusata, ya bazu a jiki, ya kashe mai shi. Ba a makaranta ake koyonta ba, tare da kunu ake shanta tun ana yara. Na san malamai 'yan'uwana masu takardun digiri da suka ɓoye iyayensu mata a gida saboda ita. Na tuna wa Kawu cewa ai an riga an yanke shi da ƙarfe, ga shi tsaye da ƙafafunsa. Ya shafa wuyansa ya ce, "Shi ya sa ka ga ya ƙara girma." Ranar na yi fushi har na manta ban sha mai ba, muka tura babur daga bakin kasuwa zuwa wurin mai bumburutu, yana tafe yana ba ni shawara kan yadda ake kula da inji.

Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan, fushin rufa-rufa ne kawai. Likita ta ce da wuri, kuma kowane mako kumburin ƙaruwa yake yi.

Sati bai zagayo ba ya sa na kai shi Tibiri wurin wani mai magani da aka yaba masa. Na tafi ne don in ban kai shi ba zai hau kabu-kabu ya je shi kaɗai. Mutumin dattijo ne mai fara'a, ya ba mu tabarma da ruwan randa, ya dubi wuyan daga nesa, ya ba da wani sassaƙe na sha da wani baƙin gari da za a kwaɓa da man shanu a shafa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce kada a kuskura ƙarfe ya kusanci wurin. Na kasa haƙuri, na ce ai na ga da wuƙa ya ɓare sassaƙen. Kawu ya taka mini ƙafa. A hanya ya ce, "Itace ya yanka, ba ni ba. Kai da karatunka wannan ma sai an hwaɗa maka?" Maganin ya baƙanta masa wuyan riguna uku, Inna ta gaji da wanki, kumburin kuma ya tashi daga ƙwan zabuwa ya doshi na agwagwa.

Sai na ce bari in yi abin da na iya, in koyar. Na same shi a garka, lambunsa na rani, wata Lahadi yana ba tattasai ruwa. A cikin ƙaramar magudanar da ke kawo ruwa akwai talibambam da yawa, 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya, suna ta wutsil-wutsil. Na kamfato ɗaya a tafin hannu, na tambaye shi ina wutsiyar take zuwa in ya zama kwaɗo.

"Guntulewa takai."

"Ka taɓa tsintar guntun?"

Ya sosa ƙeya. Na ji daɗi, don ba kullum nake ƙure Kawu ba. Na gaya masa jikin kwaɗo da nasa da nawa duk da ƙananan ƙwayoyi aka gina su, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya an halicce ta da sanin yadda za ta mutu. In ta tsufa, ko ta lalace, ko aikinta ya ƙare, akwai umarnin da yake tashi daga cikinta, sai ta naɗe kanta, ta kakkarye ƙanana, maƙwabta su share wurin ba tare da ƙura ta tashi ba. Haka wutsiyar take narkewa. Haka ma yatsun jariri suke rabuwa a cikin uwa, don da farko a haɗe suke, sai na tsakani su mutu. Ƙwayoyin daji kuwa su ne waɗanda suka toshe wannan umarnin. Lokacinsu ya yi sun ƙi, suna ci suna haihuwa.

Har nan darasi yana tafiya daidai. Ya ajiye fartanya, yana kallon yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ɗauko kalmar da muke faɗa wa ɗalibai a aji da Faransanci, na juya ta yadda take. Na ce, "To maganin likita shi ne yake sa su kashe kansu."

Kawu ya ja da baya kamar na watsa masa ruwan magudanar.

"A'uzu billahi. Su kashe kansu? Cikin jikina, ni da ke salla?"

"Kawu, ba mutane ba ne."

"Kai ka ce suna ci suna haihuwa. In sun kashe kansu da maganin da na miƙa hannu anka sa min, wa za a tambaya ran gobe? Kai ko yarinyar?"

Na mayar da talibambam cikin ruwa na hau babur. Kafin Juma'a labari ya gama unguwarsu cewa Mushe ya samo wa kawunsa maganin kashe kai. Wata tsohuwa ta tare ni a bakin rijiya ta ce in ji tsoron Allah, garkar Kawu ba ta kai in kashe shi a kanta ba. Na ce mata ni ko kyauta aka ba ni garkar ban san ta ina ake fara ba ta ruwa ba, ta ce ai shi ya sa.

A kwanakin nan ne tuwo ya fara yi masa wuyar haɗiya. Ya koma kunu da fura, yana cewa sha'awa ce kawai. 'Yan dubiya suka fara sintiri, kowa da nasa maganin a aljihu. Akwai wani maƙwabcinsa, mai kirki amma ba shi da agogo a zuciya, ya zo da hantsi wata ranar da nake can. Ya yi addu'a, ya ba da labarin rikicin rabon ruwa na bara, ya sha furar da aka dama wa Kawu, ya koma kan labarin daga farko. Azahar ta matso. Na ga idon Kawu yana lumshewa don gajiya. Can sai ya yi gyaran murya, ya zura ƙafa cikin takalmi, ya ce, "To, malam, bari in taka maka."

Mutumin ya miƙe nan take yana cewa ai daman yanzu yake shirin tashi. Suka taka tare zuwa bakin zaure, suka yi musabaha, ya kama hanyarsa yana murmushi. Ba wanda aka kora, ba wanda ya ji haushi. Na ga wannan abu sau ba adadi tun ina yaro, ban taɓa dubansa da idon aiki ba sai ranar.

Da Kawu ya dawo ya zauna, na ce, "Ka kore shi ke nan?"

"Ana korar baƙo? Takawa na yi mishi."

"Wa ya ɗauke shi?"

"Ƙahwahunsa. Mi kake nuhi, Mushe?"

Na ce masa rannan bakina ne ya kuskure. Abin da maganin yake yi ke nan, takawa. Baƙon da ke wuyansa yana da ƙafafu, ya san hanyar gida, tun ran da aka halicce shi aka nuna masa. Ya dai yi kunnen ƙashi ne. Jiki ya yi gyaran murya ya gaji, bai ji ba. Magani zai zo ya zura takalmi a gabansa, ya tsaya a kansa har sai ya tuna cewa shi mai tafiya ne.

Kawu ya daɗe yana kallon takalmansa. Sannan ya ce, "To ƙarhen hwa?"

"Allurar a hannu ake sa ta, nan bayan tafi. Ba ta zuwa kusa da wuyan. Hanya ce kawai da ruwan zai bi."

"A hannu?"

Ashe duk tsawon lokacin nan yana zaton cikin kumburin za a soka ta. Likita ta ce jijiya, ni ma na ce jijiya, babu wanda ya ce masa ta ina. Inna daga bakin murhu ta ce da an tambaye ta da ta faɗa, don ta ga ana sa wa mata a wurin haihuwa. Kawu ya ce ba a tambaye ta ba. Sannan ya juyo ya ce, "Gobe ka zo mu tahi. Ni zan tambayi yarinyar da bakina, kai ka yi shiru."

Na yi shiru kuwa, kuma ban taɓa jin daɗin shiru irin na ranar ba. Ya zauna gaban likita ya ce, "Yarinya, maganin ga naki, kisa yake ko rakiya?" Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ba ta labarin maƙwabcin da takalmin. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ce masa rakiya ce, amma ba za ta ɓoye masa ba, wanda muke da shi a nan ba shi da ladabin Baba. Ba takalmi kaɗai yake zurawa ba, tabarmar yake fizgewa, ya ji wa baƙon ciwo har umarnin nan da ke cikinsa ya farka. Kuma garin haka yakan haɗa da wasu 'yan gida. Gashi zai zube, baki zai iya yin gyambo, jini zai yi ƙasa, zai yi amai. Waɗannan suna dawowa in an gama.

Ta ƙara da cewa masu bincike sun gano wasu ƙwayoyin dajin suna ƙera wani abu da suke danne umarnin da shi, kamar mai tokare ƙofa daga ciki. An fara yin magungunan da aikinsu kawai su cire wannan tokarin, ƙwayar ta tafi da kanta, 'yan gida ba su wahala sosai ba. Amma ba kowane irin daji suke yi wa ba, kuma ba su iso mu ba tukuna.

"To a ba ni naku na gargajiyar, mai hizge tabarmar," in ji Kawu.

Na ɗauka an gama, har na fara tattara takardu. Sai ya dafa gwiwata in zauna. Muryarsa ta sauka.

"Ina da ƙanwa, uwar wannan. Nata a nono ya hito. Ni na ɗauko ta na kawo ta asibiti, anka sa mata ruwa da allura. Ba ta ga wata Juma'ar ba."

Ina aji uku a sakandare lokacin da mahaifiyata ta rasu. Na san Kawu ne ya kai ta, na kuma san abin da dangi suka riƙa faɗa a zaman makoki, wai da an bar ta a gida. Abin da ban sani ba shi ne ya ɗauki maganar ya ajiye a ransa duk shekarun nan, yana yi mini ba'a, yana aiko mini da albasa.

Likita ba ta yi sauri ba. Ta tambaye shi tun yaushe ciwon yake jikinta kafin a kawo ta. Ya ce ya haura damina biyu, ana ta na gida. Ta ce ita ba ta ga marigayiya ba, ba za ta yanke hukunci a kan abin da ba ta gani ba. Amma kullum tana karɓar irinta. Ana kawo su bayan ciwon ya gama zagaye jiki, allura ta tarar da su a bakin tafiya, sai a ce ita ce. "Baba, ruwan da aka sa mata don ta samu sauƙi ne. Ba shi ya kashe ta ba."

Kawu ya naɗe hannun rigarsa na hagu har gwiwar hannu, ya ɗora a kan teburinta. Ta ce ba yau ba, sai an auna jini. Ya ce ya sani, nuna mata yake yi.

Watannin da suka biyo baya a gidana na Sabon Gari ya yi yawancinsu. Ya yi amai, ya zagi kunun matata, ya ba ta haƙuri, ya sake zaginsa. Gashi ya zube har gira, ya ce ya huta da wanzami. Bayan zagaye na biyu kumburin ya saki, kullum da safe sai ya kira ni in shafa in ba da rahoto. Da ya ɓace gaba ɗaya ya ce an gama, zai koma garka. Muka sake sabon yaƙi, likita ta ce akwai waɗanda ido ba ya gani da suka laɓe, ya zauna ya ƙarasa yana ƙorafi. Ranar da aka sallame shi ya ci tuwo malmala biyu da miyar kuka, yana ci yana kallon mu ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai magana.

Da sanyi ya shigo na je taya shi dashen albasa, in dai tsayuwa a kan kunya da riƙe dami ana kiransa taimako. Gashinsa ya fito fari fat, ya yi ƙiba kaɗan. Muna cikin aiki ya tsaya, dashe a hannunsa, bai dube ni ba.

"Da, ina cewa kai uwarka asibiti da na yi shi ya kashe ta. Yarinyar ta sauke min wannan. To yanzu wani ya hau. Da na kai ta tun daminar hwarko, da ƙila tana nan tana ganin ɗiyanka."

Ina da amsar aji, cewa ba a sani ba, kuma a wancan zamanin ko maganin ma ba lallai a samu a Maraɗi ba. Duk gaskiya ne, amma ba abin da yake tambaya ba ke nan. Na tuna gidanmu a shekarun nan biyu, cike da manya, kowa yana shigowa da ƙullin magani yana fita da addu'a. Na tuna safiyar da ya zo da motar haya, mutane suka tare ƙofa, ya ratsa su da ita a hannu.

Na ce, "Kawu, mutum nawa ne a gidan? Kai kaɗai ka kai ta."

Ya tsuguna a hankali, ya dasa wanda ke hannunsa, ya danne ƙasar da babban yatsa. Ya goge fuska da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, na ɗora masa wani dashen.